Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Zuciyar Roba da Hoton Zuciyar Mutum

Duk wanda ya taɓa zuwa awon hatsi a kasuwa ya san tiya ba ɗaya ba ce. Akwai ta gaskiya, akwai wadda aka bubbuge gindinta ya shige ciki. A ido kamarsu ɗaya. Mai awo zai cika maka ita har ta yi tozo, ka biya kuɗin tiya goma. Sai ka isa gida uwargida ta sake aunawa da tata, ta ce tara ne da rabi. Shi ya sa mai hankali yakan tafi kasuwa da tiyarsa, wadda ya riga ya san cikinta.

Na'urorin asibiti ma ma'aunai ne. Akwai sikelin auna jarirai, akwai na'urar awon jini da ake ɗaura wa a hannu, akwai na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki. Likita yana duba abin da suka nuna kafin ya ce a sha magani, ko a yi aiki, ko a koma gida. In ma'aunin ya yi ƙarya, hukuncin likita ma zai karkace. To, wa yake auna ma'aunin?

A cikin wannan ɗan littafi za mu ɗauki na'ura ɗaya mu bi labarinta. Ita ce babbar na'urar hoto da masu Turanci ke kira MRI, masu Faransanci kuma IRM. Za mu ga yadda masana suka ƙera zuciyar roba, suka kuma gina wata zuciya a cikin kwamfuta, domin su tabbatar ko na'urar tana faɗin gaskiya game da jinin da tsokar zuciya take sha.

Zuciya ma tana shan jini

Zuciyar babban mutum ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba. Nauyinta kamar giram 300 ne. Amma tana bugawa kusan sau 100,000 kowace rana. Ko mutum yana zaune yana hutawa, tana tura jini kamar lita 5 cikin minti ɗaya. Wato za ta cika jarka mai lita 20 cikin minti 4, kafin gobe war haka kuma ta cika duro 36.

Zuciya tsoka ce, kuma duk tsokar da ke aiki tana bukatar abinci da iskar oksijin. Jinin da ke wucewa ta cikin ɗakunan zuciya huɗu bai isa ya ciyar da bangonta mai kauri ba. Saboda haka tana da nata jijiyoyin jini. Guda biyu ne suke fitowa daga gindin babbar jijiyar da ke kai jini ko'ina a jiki, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta hagun tana rabuwa biyu, shi ya sa likitoci ke maganar manyan jijiyoyi uku. Suna kwance a bayan zuciya, suna ta rassa, har su zama siraran da ido ba ya gani, su nutse cikin tsokar.

Masu garkar albasa sun san irin wannan tsari. Inji yana jawo ruwa ya zuba a babbar magudana. Daga nan ruwan ya rabu zuwa ƙananan hanyoyi, har ya shiga kowane fangali. In wata hanya ta cushe da laka, fangalin da ke ƙarshenta shi zai fara yaushi.

Idan mutum yana hutawa, tsokar zuciya duka tana shan jini kamar rubu'in lita a minti. Kowane giram ɗaya na tsokar yana samun kamar mililita ɗaya, wato ɗigo 20 ke nan. In mutum ya tashi noma ko gudu, lafiyayyun jijiyoyi sukan buɗe, jinin ya ninka sau 3 ko 4. Dole ne ya ninka, domin ko a lokacin hutu zuciya tana tsotse kusan kashi uku cikin huɗu na oksijin da ke cikin jinin da ya zo mata. Ba ta da ajiya. In aiki ya ƙaru, sai dai a ƙaro mata jini.

Idan hanya ta ƙuntace

Da shekaru, kitse da wasu abubuwa sukan taru a bangon jijiyoyin nan daga ciki, hanyar ta riƙa tsukewa. Hawan jini, ciwon sukari, shan taba, ƙiba da gado duk suna hanzarta wannan. Da fari mutum ba ya jin kome. Yana zaune lafiya lau, domin ɗan jinin da ke wucewa ya isa. Sai ya ɗauki buhu, ko ya hau tudu, ko ya yi sauri don kada mota ta tashi, sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Wani lokaci nauyin yakan bi hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi. In ya tsaya ya huta minti kaɗan sai ya lafa. Wani likitan Ingila, William Heberden, ya bayyana wannan ciwo dalla-dalla tun a 1768.

In kuwa hanyar ta toshe gaba ɗaya farat ɗaya, sashen tsokar da take ciyarwa zai fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya mai kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan mutum ɗaya cikin kowane uku da suka rasu a duniya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun faru ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali.

Idan mai irin wannan ciwon ƙirji ya zo gaban likitan zuciya, akwai tambaya mai nauyi. Shin magani kaɗai zai isa, ko sai an buɗe jijiyar? Buɗe ta yana nufin a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuwa zuciya, a sa 'yar ragar ƙarfe ta tokare hanyar. Wani kuma sai an buɗe ƙirji an yi wa jinin sabuwar hanya. Aiki ne mai tsada, mai haɗari kuma. A yi wa wanda ba ya bukata, an cuce shi. A hana wanda yake bukata, an bar shi cikin haɗari. Ganin jijiya ta tsuke kaɗai bai isa ba. Abin da likita yake so ya sani shi ne: shin fangalin da ke ƙarshen hanyar yana samun ruwa, ko yana ƙishi?

Yadda MRI take gani

MRI wani babban mayen ƙarfe ne mai rami a tsakiya, inda majiyyaci yake kwanciya. Ƙarfinsa ya ninka na mayen ƙarfen da ke cikin ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas, sau dubu goma-goma. Ba ta amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Da ruwan jikin mutum take aiki.

Macen da za ta sayi tukunya takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta saurara. Amon lafiyayyar tukunya dabam, na mai tsaga dabam. Haka MRI take yi. Mayen ƙarfen yana jera ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ruwan jiki su fuskanci wuri ɗaya. Sai na'urar ta ƙwanƙwasa su da igiyar rediyo, ta saurari amsar da suka mayar. Amsar tsoka dabam, ta kitse dabam, ta jini dabam. Kwamfuta ce take tattara amsoshin ta mai da su hoto.

Hoton farko da aka buga da wannan dabara ba na mutum ba ne. A 1973 wani masani a Amurka, Paul Lauterbur, ya ɗauki hoton 'yan siraran bututu biyu cike da ruwa. Ya san su biyu ne, ya san inda ya ajiye su. Da hoton ya fito da ɗigo biyu a daidai wurarensu, sai ya tabbata dabarar tana aiki. Tun ranar farko ke nan, da abin da aka riga aka sani aka gwada na'urar. Shi da Peter Mansfield na jami'ar Nottingham a Ingila sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda wannan aiki.

Domin ganin jinin da tsokar zuciya take sha, ana ƙara abu biyu. Na farko wani magani ne mai suna adinosin, wanda ake ɗura wa ta jijiya na 'yan mintoci. Yana buɗe ƙananan jijiyoyin zuciya iyakar buɗewarsu, kamar mutum yana cikin gudu alhali yana kwance. Na biyu wani ruwa ne mai ɗauke da sinadarin gadoliniyam, wanda aka fara amfani da shi a asibitoci a 1988. Duk inda ya shiga, wurin yakan yi haske a hoton.

A ce mai garka ya zuba shuni a bakin magudana, ya hau tudu yana kallo. Fangalin da hanyarsa take a buɗe zai yi shuɗi nan da nan. Wanda hanyarsa ta cushe zai makara, launinsa kuma ba zai kai na sauran ba. Haka ake yi. Ana tura ruwan a jijiyar hannu, ya bi ta ɓangaren dama na zuciya, ya ratsa huhu, ya dawo ɓangaren hagu, sa'an nan ya shiga tsokar. Na'urar tana ɗaukar hoto a kowane bugun zuciya, na kamar minti ɗaya. Sashen da ya yi haske yana samun jini. Wanda ya zauna da duhu yana ƙishi.

Inda hoto yake iya ruɗin ido

Mukan ce gani ya kori ji. Amma hoton na'ura ba ganin ido ba ne, lissafi ne aka mai da shi hoto, kuma lissafi yana iya kuskure. Likitoci sun gano wurare da dama da wannan hoto yake iya yaudara.

Na ɗaya, wani lokaci wani siririn duhu yakan bayyana a gefen tsokar daga ciki, daidai lokacin da ruwan ya cika ɗakin zuciya. Ba ƙarancin jini ba ne, inuwa ce da na'urar ta haifar da kanta. Wanda bai ƙware ba zai ce ciwo ne.

Na biyu, in dukan jijiyoyin uku sun tsuke daidai wa daida, babu sashen da zai fi wani duhu. Duk fangalin sun yi yaushi tare, babu lafiyayye da za a kwatanta da shi. Ido zai iya raina ciwon, alhali mai wannan hali yana cikin waɗanda suka fi shiga haɗari.

Saboda haka masana suka ce kallo bai isa ba, a sa kwamfuta ta fitar da adadi: mililita nawa kowane giram yake sha a minti. Sai matsala ta uku ta taso. Kafin a yi wannan lissafi sai an san yawan sinadarin da ya shiga ta bakin magudana. Amma a cikin ɗakin zuciya sinadarin yana da yawa ƙwarai, har hasken yakan kai iyaka ya daina ƙaruwa. Marina sun san haka: in zane ya riga ya yi baƙi wuluk, ko an sake tsoma shi ido ba zai ga ƙari ba. In kwamfuta ta raina abin da ya shiga, sai ta ɗauka tsokar ta sha fiye da abin da ta sha.

Ga kuma numfashi da ke motsa zuciya, ga na'urorin kamfanoni dabam-dabam, ga hanyoyin lissafi iri-iri. In kwamfuta ta ce mililita 2, wa zai ce ba 1 ba ne ko 3? Ba za a tsaga ƙirjin mai rai a ƙirga ɗigon jini ba. Ana bukatar tiyar da aka san cikinta.

Gwajin farko: dabbobi

Tun wajen 1967 masana suke da wata hanya ta auna jini a jikin dabba. Ana tura wasu ƙananan duwatsun roba masu alama a cikin jini. Kowanne girmansa kamar ninki biyu ne na ƙwayar jan jini, don haka yakan maƙale a ƙananan jijiyoyi. Inda jini ya fi zuwa, nan suka fi taruwa. Daga baya a yanka zuciyar gunduwa-gunduwa a ƙirga su.

A 2004 masu bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda sun gwada lissafin MRI da wannan ƙirga a jikin karnuka. Sun yi allura biyu: 'yar kaɗan da fari domin auna abin da ke shiga ba tare da hasken ya kai iyaka ba, sa'an nan cikakkiya domin ganin tsokar. Lissafin ya yi kusa da ƙirgar ƙwarai.

Amma wannan hanya tana cin ran dabba. Tana da tsada, kuma ba a iya maimaita gwaji ɗaya a kan zuciya ɗaya gobe da jibi, balle a ɗauke ta zuwa wani gari a gwada wata na'ura.

Zuciyar roba

A 2013 wani rukunin masana na King's College a Landan, cikinsu da Amedeo Chiribiri da Eike Nagel, suka buga bayanin wata zuciyar gwaji da suka ƙera. Irin waɗannan kayan gwaji ana ce musu fantom, kalmar da asalinta take nufin fatalwa, don suna da siffa amma ba su da rai.

Wanda ya gan ta ba zai ce zuciya ba ce. Ta fi kama da aikin mai gyaran famfo. Akwai 'yan gwangwanaye huɗu na roba a madadin ɗakunan zuciya huɗu. Akwai bututu a madadin manyan jijiyoyin da ke zuwa huhu da jiki. Sai wasu gwangwanaye biyu a madadin tsokar zuciya, kowanne an cusa masa siraran bututu fiye da ɗari, kamar damin tsinken tsintsiya, domin ruwa ya rarrabu a ciki yadda jini ke rarrabuwa a tsoka. Babu ƙarfen da maye zai ja a jikinta. Famfon da ke tura ruwan yana nesa da mayen ƙarfen, kuma akwai ma'aunin ruwa da ke nuna daidai abin da yake wucewa ta kowace hanya.

Ga yadda ake aiki da ita. A kwantar da ita a gadon na'urar kamar majiyyaci. A kunna famfo. A bar gwangwani ɗaya da cikakken ruwa, a matse wa ɗayan, kamar jijiyarsa ta tsuke. A tura gadoliniyam kamar yadda ake yi wa mutum, a ɗauki hotuna, kwamfuta ta yi lissafinta. Sa'an nan a kwatanta da abin da ma'aunin ruwa ya nuna. A ce an saki mililita 3, kwamfuta ta ce 3, to madalla. In ta ce 4, an kama ta, sai a nemi inda kuskuren yake. A wanke da ruwa mai tsabta a sake, sau goma ko sau hamsin. Zuciyar roba ba ta gajiya, ba ta jin tsoro, ba ta tari.

Da irin wannan kayan ana iya gwada yawan sinadarin da ya dace, a kwatanta hanyoyin lissafi, a kuma gwada na'urar wannan asibiti da ta wancan da abu ɗaya. An ma sa ta a wata na'urar da ake kira PET, wadda aka daɗe ana dogara da ita wajen auna jinin zuciya, domin a ga ko su biyun bakinsu zai zo ɗaya. Daga 2016 zuwa 2019 ƙasashen Turai sun gudanar da wani aikin haɗin gwiwa a kan wannan, ƙarƙashin jagorancin PTB, hukumar ma'aunai ta ƙasar Jamus. Ita ce hukumar da ke kula da gaskiyar kilo da lita a ƙasar. Wato masu duba tiya ne aka kira su duba hoton zuciya.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Zuciyar roba ta farko ba ta bugawa. Ruwa ne a cikinta, ba jini ba. A jikin mutum sinadarin yakan tsiyaya daga ƙananan jijiyoyi ya shiga tsakanin ƙwayoyin tsoka kafin ya dawo, bututun roba kuwa ba sa yin haka. Shi ya sa masanan Landan suka kuma gwada da zuciyar alade da aka cire, aka haɗa ta da famfon jini, tana ta bugawa a cikin na'urar.

Zuciya a cikin kwamfuta

Akwai hanya ta uku, wadda ba ta bukatar roba ko dabba. A gina zuciyar da lissafi kawai. A 2014 masana a Zurik, ƙasar Suwizalan, suka fitar da wani shiri na kwamfuta mai suna MRXCAT. A cikinsa akwai ƙirjin mutum na ƙirƙira, da zuciya mai bugawa da huhu mai numfashi. Mai bincike shi ne yake rubuta yawan jinin da kowane sashe zai sha. Sai shirin ya fitar da irin hotunan da MRI za ta ɗauka daga wannan ƙirji, har da dishi-dishin da hoto na gaske yake yi. A miƙa hotunan ga hanyar lissafin da ake son gwadawa ba tare da an gaya mata amsa ba. Kamar malami ne ya ba ɗalibi lissafi, amsar tana aljihunsa.

A Jamus kuma, a garuruwan Mainz da Würzburg, wasu masana sun zana rassan jijiyoyin zuciya a kwamfuta, suka bi yadda sinadarin yake tafiya a cikinsu. Sun nuna cewa yana bajewa a hanya. Shunin da aka zuba dunƙule a bakin magudana ba ya isa fangali na ƙarshe a dunƙule, yakan iso a tsinke, a hankali. In ana auna abin da ya shiga daga ɗakin zuciya, ba a lura da wannan bajewa ba, lissafin yana iya karkacewa ko da jijiyar lafiyarta ƙalau.

Ita ma zuciyar kwamfuta tana da iyaka. Abin da mai ginin ya sani kaɗai ta sani. Don haka babu hanya ɗaya da ta wadatar. Kowace tana toshe ramin da 'yar'uwarta ta bari.

Daga ƙarshe, mutane

Roba da kwamfuta suna nuna ko na'ura ta iya awo. Ko awon yana amfanin majiyyaci, sai a jikin mutane za a gani. A 2012 aka buga sakamakon wani bincike daga Leeds a Ingila, mai suna CE-MARC, a kan mutum 752 da ake zaton suna da wannan ciwo. Cikin kowane 100 da suke da shi da gaske, MRI ta gano kusan 87. Wata tsohuwar hanyar hoto da aka kwatanta ta da ita ta gano kusan 67. Ku lura, ko MRI ɗin ta kuskure wasu. Babu na'urar da ba ta kuskure, amma wadda aka gwada an san iyakar kuskurenta.

A 2019 aka buga wani kuma mai suna MR-INFORM, a kan mutum 918 masu ciwon ƙirji. An raba su biyu. Rabi an yanke hukuncinsu da hoton MRI, rabi da zura bututu a auna ƙarfin jini cikin jijiyar. A rukunin MRI kusan 36 cikin 100 aka buɗe wa jijiya, a ɗayan 45. Bayan shekara ɗaya, waɗanda suka sami babbar matsala ba su kai 4 cikin 100 ba a kowane rukuni. Wato an rage yawan aikin, lafiyar mutane kuma ba ta ragu ba.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce, mu da ke ƙauye ina ruwanmu da na'urar da sai a manyan birane? Gaskiya ne, yawancinmu ba za mu taɓa shiga cikinta ba. Kuma ciwon zuciyar da muka fi gani a ƙasashenmu shi ne wanda hawan jini yake kawowa, da na yara da matasa da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, da na mata bayan haihuwa. Waɗannan da awon jini, da sauraron ƙirji, da hoton eko ake gane su. Amma labarin zuciyar roba yana koya mana abin da za mu yi amfani da shi ko a kasuwar ƙauyenmu.

Akwai masu yawo da 'yar kwamfuta da wani ɗan ƙarfe. Su ce ka riƙe ƙarfen minti ɗaya, sai su karanto maka ciwon zuciya, da na hanta, da na ƙoda, sa'an nan su fito da maganin sayarwa daga jaka. Riƙe ƙarfe a tafin hannu ba ya nuna jinin da tsokar zuciya take sha. Kun ga shekarun da masana suka ɗauka, da roba da dabba da kwamfuta da ɗaruruwan majiyyata, kafin su amince da na'ura ɗaya. Matambayi ba ya ɓata. Ku tambaya: wa ya gwada wannan na'ura, kuma da me aka gwada ta? In mai auna ka shi ne mai sayar maka da magani nan take, tuna da mai awon da ba ya yarda a kawo wata tiya.

In kuma likita ya tura ku birni domin wannan hoto, ga abin da za ku kiyaye:

- Kada ku ci goro, kada ku sha shayi, kofi ko lemon kwalba mai kafin, na awa 24 kafin gwajin. Suna hana adinosin aiki, hoton ya nuna lafiya alhali akwai ciwo.
- Ku faɗa in kuna da asma, ko ciwon ƙoda, ko juna biyu.
- Ku faɗa in akwai ƙarfe a jikinku: na ɗorin ƙashi, ko harsashi, ko ɓarɓashin ƙarfe a ido, ko na'urar daidaita bugun zuciya.
- Ku cire zobe, 'yan kunne, laya, guru, makulli da waya. A wanke kwalli.
- Na'urar tana da ƙara sosai, za a ba ku abin toshe kunne. Adinosin yakan sa jin zafi a fuska, nauyin ƙirji da haki, amma yana wucewa jim kaɗan bayan an tsayar da shi.

Mu kuma da ke gida, kada mu raina nauyin ƙirjin da yake zuwa da aiki ya tafi da hutu. Da yawa sukan ce olsa ce ko ƙwarnafi, su yi ta shan kanwa. A je a ga likita. In ciwon ya kai minti 15 bai lafa da hutu ba, musamman da gumi mai sanyi, ko tashin zuciya, ko haki, a nemi mota a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Tsofaffi, mata da masu ciwon sukari wani lokaci haki da kasala kawai suke ji.

Jijiyoyin zuciya ba sa tsukewa rana ɗaya, kuma ana iya rage musu sauri. A bar taba, ta sha da ta baki. Gishirin yini duka kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya, wato giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Kowane babba ya riƙa zuwa awon jini ko ba ya jin kome. In awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam-dabam, hawan jini ne. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Ranar da kuka zo awo kuma, in kun ga ma'aikaci ya sake aunawa, ko ya ɗauko wata na'ura ya kwatanta, kada ku ce ɓata lokaci yake yi. Tiyarsa yake dubawa.